A ga gyaɗa da ido kafin a markaɗa ta

A kasuwannin kan iyaka, tun daga Malanville har Gaya da Kamba, iri biyu gyaɗa take zuwa wa mai cefane. Akwai ɓararriya, wadda ake aunawa da tiya, mutum ya sa hannu ya damƙo ya duba. Akwai kuma markaɗaɗɗiya, tigadige, a cikin roba ko a ƙullin leda, launinta ɗaya, ƙanshinta ɗaya, sai dai a ɗauka a kai gida a kaɗa miya. Ta biyun ta fi sauƙi, wani lokaci ma idan aka yi lissafin gawayi da kuɗin niƙa sai a ga ta fi araha, shi ya sa uwargidan da aiki ya sha wa kai ba ta tsayawa dogon tunani. Ni kuwa a ganina wannan arahar ita ce abin tsoro. Kuma blanda, na'urar markaɗen nan da ake yi wa kallon kayan gayu na matan birni, tana da wani amfani a gari irin Garou wanda masu tallarta ba sa ambata. Su sauri suke talla, da laushi, da ƙanshi. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne, wadda ta markaɗa gyaɗarta a gida ta ga kowace ƙwaya kafin ta zama ƙulli. Wadda ta sayi ƙulli kuwa ta sayi abin da wani ya gani ya yi shiru.

Garou ɗaya ce daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, a jihar Alibori da ke can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Kogin Kwara ne ya raba yankin da Nijar, jihar Kebbi kuma tana nan ta gabas. Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa ke zaune a cakuɗe, fadama ta shinkafa ce da albasa, tudu kuma na gero da dawa da masara da gyaɗa. Ba sai an gaya wa kowa matsayin gyaɗa a tukunyar wannan yanki ba. Ita ce a miya, ita ce a kunun da ake ba mai jego da yaron da aka yaye, ita ce man suya, ita ce ƙuli-ƙulin da ake dakawa a kwaɗa zogale ko rama, ita ce a yajin tsire da labun kilishi. Kusan rabin nauyinta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki, don haka a gidan da nama sai ranar salla ko suna, ita ce naman. Abin da ya kai haka shiga jikin mutane, ya cancanci a tambayi lafiyarsa.

Matsalar fumfuna ce. Akwai wani nau'inta mai suna Aspergillus flavus da ke zaune a cikin ƙasa, yana kama gyaɗa da masara, yana zuba musu guba da ake kira aflatoksin. Duniya ba ta san da wannan guba ba sai a 1960, lokacin da 'ya'yan talotalo kimanin 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka bi diddigi aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Brazil. Tun daga nan bincike bai tsaya ba, har hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara a jikin ɗan Adam. Hanta take ci. Idan kuma ta tarar da mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda Afirka ta Yamma na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, haɗarin kan ninka kusan sau 30. Idan ta yi yawa ƙwarai ba ta jiran shekaru: a gabashin Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta bayan sun ci gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu suka rasu. Fumfunar nan zafi take so, da gyaɗar da fari ya kama gab da nunarta, da kwanson da fartanya ta fasa ko gara ta huda, da kuma danshi a wurin ajiya. Duk wanda ya san kwarin Kwara ya san ba ɗaya a cikin waɗannan da ya yi ƙaranci. Ruwa kan ɗauke da wuri a bar gyaɗa cikin rairayi mai zafi, shekarar da ya yi yawa kuma kogi ya cika ya shiga gidaje da rumbuna a Malanville da Karimama.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Turai ne da Kenya. Ɗaya daga cikin binciken da aka fi kafa hujja da shi a duniya kan aflatoksin da yara, a Benin da Togo aka yi shi, aka wallafa a 2002. An ɗebi jinin yara 480 masu wata 9 zuwa shekara 5, aka sami alamar gubar a jikin kashi 99 cikin 100. Gubar da ke jinin waɗanda aka riga aka yaye ta ninka ta masu shan nono, wato gubar tana shigowa ne tare da abincin gida, da kokon masara da kunun gyaɗa. Yaran da suka tsumbure kuma su ne aka fi samun ta da yawa a jininsu. Bayan shekara biyu aka sake bin wasu yara 200 a Benin na tsawon wata 8, sai ga shi waɗanda gubar ta fi yawa a jikinsu sun kasa takwarorinsu da santimita 1.7 a ƙarin tsawon da suka yi. Gaskiya ne masana na ci gaba da muhawara kan ko gubar ce da kanta ke hana girma, ko kuwa talauci ne ke haɗa su biyun a gida ɗaya. Gaskiya ne kuma masara na da kaso mai tsoka a laifin. Amma batun hanta an gama muhawara a kansa, kuma a cikin abincin da ke kawo gubar, gyaɗa ce wadda uwargida ta fi iya yi wa wani abu da hannunta.

Dalili shi ne yadda gubar take zama a cikin buhu. Ba ta bazuwa bai-ɗaya kamar yadda mutum zai zata. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, sauran na iya zama lafiya lau, kuma mafi yawan masu ɗauke da itan suna da alama: sun motse, ko sun fashe, ko ƙwaro ya huda su, ko launinsu ya sauya ya yi duhu, ko idan aka raba su biyu a ga ƙura-ƙura mai ruwan ɗorawa ko kore a ciki. Su ne waɗanda idan mutum ya tauna cikin rashin sani yake tofarwa saboda ɗaci. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Bahaushe, a nan kuwa maganar ba karin magana ba ce kawai, domin muddin ƙwayar tana nan a ƙwayarta ana iya cire ta, amma da zarar ta shiga inji ta bi ko'ina cikin ƙullin, babu mai iya raba su kuma. Yanzu a yi tunanin ɗan kasuwa. Yana da buhu, ya tsince kyawawa manya ya ware wa mai saye a tiya, don ita ido za ta sa, ba za ta biya kuɗin ruɓaɓɓiya ba. Ragowar fa? Fasassu da motsattsu, da ta kala wadda yara suka tono makonni bayan an cire amfani, da ta gindin buhun da ya sha danshi? Ba zubarwa ake yi ba. Akan sayar da su da rahusa ga wanda zai niƙa, tun da niƙa na rufe asiri. Ba mugunta ce ke sa haka ba, lissafi ne, kuma yawancin masu yin sa ba su taɓa jin sunan gubar ba. Amma sakamakon ɗaya ne: mafi munin gyaɗa ita ke da babban dalilin zama ƙulli. Abin da masu bincike suka yi ta samu ke nan da suka auna ƙuli-ƙulin kasuwa a Najeriya da Benin, inda samfura da yawa suka zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Don a san ƙanƙantar abin da ake magana a kai, Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar ci ta wuce maikirogiram 4 a kilo guda ba, Amurka kuwa 20.

Ita tsintar da hannu, ba camfi ba ce kuma ba tsohon yayi ba. An gwada ta. A yankin Kindia na ƙasar Gini an zaɓi ƙauyuka 20, rabinsu aka koya wa manoma abubuwa masu sauƙi: a tsince gyaɗa da hannu kafin ajiya, a shanya ta a kan tabarma ba a ƙasa ba, a tabbatar ta bushe ƙayau, a zuba a buhun algarara mai shan iska, a ɗora buhun a kan katako, a sa maganin ƙwari a ƙasan rumbu. Rabin ƙauyukan kuma aka bar su da yadda suka saba. Bayan wata biyar da girbi aka auna jinin mutane, aka tarar alamar gubar a ƙauyukan farko ba ta kai rabin ta sauran ba. A 2005 aka wallafa wannan, kuma babu na'ura ko guda a cikin abin da aka yi amfani da shi.

To ga yadda aikin yake idan za a yi shi a gida. A sayi ɓararriya, in da hali ma mai kwanso, don kwanso kariya ne, a ɓare daidai wadda za a yi amfani da ita. A baza a faifai ko tire a waje da rana, ba a cikin duhun ɗaki ba, a bi ta da yatsa a fitar da duk wadda zuciya ba ta kwanta da ita ba. A soya a kasko, da rairayi mai tsabta ko babu, wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ƙanshi ya tashi, jan ɓawon ya fara saki. A bari ta huce, a murje, a fece. Nan ne wurin da akasari ake gaggawa, alhali nan ne tsinta ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci, domin jan ɓawon nan yana ɓoye tabo. Da ya fita sai a ga ƙwayar fara sol ko ruwan zuma, mai aibi kuma ta fito fili da ɗigon baƙi ko duhu a tsakiyarta. Sai bayan an cire waɗannan za a zuba a blanda, kofi biyu ko uku, kada a cika ta. Da farko gari za ta zama, ta manne a jikin kofin, sai a kashe a kankaro da cokali. Daga nan ta dunƙule ta yi tauri, injin ya canza murya kamar zai tsaya, a nan mutane da yawa ke karaya su zuba ruwa. Kada a zuba. Ruwa shi ke sa ta lalace cikin kwana kaɗan. A dai riƙa kunnawa ana kashewa, ana barin injin ya huce don kada ya ƙone, idan ya gaza a taimaka masa da cokali ɗaya na man gyaɗa. Can sai a ga dunƙulen ya saki, mai ya fito, ta kwanta tana sheƙi. A juye a kwalba busasshiya mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Gishiri kaɗan ga mai so. Sukari da zuma da ake gani a na Turawa, wannan don shafa wa burodi ne, miya ba ta buƙatarsu.

Na san abin da za a fara cewa, kuma gaskiya ne: wace blanda, da wace wuta? Gidaje nawa ne a ƙauyukan Garou ke da layin wutar lantarki, kuma a cikin masu shi, su nawa za su cire kuɗin buhun taki su sayi injin markaɗe? Ƙananan blandojin da suka cika kasuwa ma don tumatir da attaruhu aka yi su, gyaɗa na iya kashe su a mako guda idan aka matsa musu. Duk na yarda. Amma wanda ya bi maganar daga farko zai ga ba injin nake kare wa ba, jerin aikin nake kare wa: gani, tsinta, suya, sake tsinta, sannan niƙa. Wadda ba ta da blanda tana da turmi, tana da dutsen niƙa, tana kuma da injin unguwa inda ake kai markaɗen wake da gero. Ta tsince a gida ta ɗauki kwanonta ta kai, ta tsaya a niƙa a gabanta. Abin da blanda ta fi injin unguwa da shi biyu ne. Tana karɓar kaɗan, don haka ba sai an tara ƙullin wata guda yana zaune cikin zafi ba. Sannan abin da ya shiga shi ke fita, ba ya gauraya da ragowar na wadda ta riga ki a layi. Idan gida babba ne, ko mata maƙwabta masu adashi tare, inji ɗaya mai ƙarfi ya ishe su, kuma wutar sola da ke ƙara yaɗuwa a karkara tana sa abin yana matsowa kusa. Wanda bai samu ba bai rasa komai daga asalin maganar ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba na son a wuce shi da sauri. Matan da ke suyar gyaɗa su matse mai su toya ƙuli, da wannan sana'ar suke ciyar da 'ya'ya, suke yi wa 'yan mata kayan ɗaki, wasu zawarawa ne da ba su da wani abin dogaro. A kudancin Benin ƙasar Agonlin, wajen Covè da Zagnanado, da man gyaɗa da ƙuli ta yi suna, a ƙasar Hausa kuwa da wuya a sami unguwar da babu gidan mai ƙuli. Idan aka ce kowa ya markaɗa nasa, ba an kashe musu kasuwa ke nan ba? Amsata ita ce, a yanzu kasuwar mai gaskiya ce ake kashewa. Matar da ta sayi gyaɗa mai kyau ta zauna ta tsince ta zubar da wani kaso, dole kayanta su fi tsada, kuma a cikin leda ba wanda zai bambanta nata da na wadda ta niƙa shara. Mai saye farashi kawai take gani, sai ta ɗauki mai araha, mai tsinta ta koma gida da kayanta, gobe ita ma ta daina tsintar. Abin da zai karya wannan shi ne mai saye da ta san bambanci. Uwargidan da ta taɓa markaɗa tata, ta ga yawan abin da ake fitarwa daga tiya guda, ta ɗanɗani ƙullin da babu ɗaci a bayansa, ba za ta ƙara yarda cewa duk ƙulli ɗaya ne ba. Ranar da ba ta da lokaci za ta nemi wadda ta amince da ita, ta tambaye ta inda ta sayi gyaɗar, ta biya ƙarin ba gardama. Man gyaɗa da ƙuli kuwa ba abin da blanda za ta iya ba ne, suna nan a hannun masu su. Abin da ake nema shi ne a sami dalilin da zai sa tsinta ta biya mai yin ta.

Akwai masu cewa iyaye da kakanni sun ci gyaɗa sun tsufa, wasu kuma su ce ai wuta na kashe komai. Na biyun kuskure ne kai tsaye. Wuta na kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana jure zafin da ya wuce na tafasa da na suya, sai dai a rage wani abu daga cikinta, saura kuma ya tafi ciki. Maganar kakanni kuwa, waɗanda suka tsufa muke tunawa. Wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, ya rame ya rasu yana ɗan shekara arba'in, an ce shawara ce ko sammu, an binne shi, ba wanda ya duba hantarsa. Sannan kakannin nan gyaɗar gonarsu suke ci, a kwansonta take kwana a rumbu, kuma tsofaffin mata ba sa zuba ta a turmi sai sun tsince. Abin da ya sauya shi ne yanzu ɓararriya ke yawo a buhun leda daga hannu zuwa hannu, wata da watanni, kafin ta iso a niƙe. Wanda ke kafa hujja da kakanni, hujjar tawa yake ƙarfafawa.

Masu ilimin abin su ma suna da nasu ƙorafin, cewa ido ba ya ganin guba, ƙwaya na iya zama kyakkyawa a waje tana ɗauke da ita, don haka gara a bar wa masana'anta mai ɗakin gwaji. Rabin farko gaskiya ne. Tsinta ragewa take yi, ba ta kawarwa ƙaf, kuma duk wanda ya ce wa mutane gyaɗar gida ba ta da haɗari ko kaɗan ya yaudare su. Sai dai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma rage rabi ko fiye a abin da yaro ke ci kullum ba ƙaramin abu ba ne. Rabi na biyun ne ban yarda da shi ba. Kwalba mai tambari ba ta zama shaida. A Nuwamban 2019 hukumar kula da ingancin kaya ta Kenya ta dakatar da sayar da markaɗaɗɗiyar gyaɗar kamfanoni da dama saboda aflatoksin, kuma a manyan kantuna ake sayar da su. A Amurka ma, tsakanin 2008 da 2009, gyaɗar wata masana'anta mai ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ta kwantar da mutum fiye da 700, tara suka mutu, daga baya aka yanke wa mai kamfanin ɗaurin shekara 28. Inda masana'anta ke yin abin kirki, gwaji ne ya sa, ba kwalba ba. Misali na kusa shi ne Plumpy'Nut, abincin nan na yara masu tamowa da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005, ake kuma yin sa a Yamai. Ba komai ba ne illa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, ƙunshi ɗaya na giram 92. Amma ba a zuba gyaɗa a cikinsa sai an auna gubarta. Gyaɗar da ke tayar da yaron da ya kusa mutuwa ita ce dai ke cin hantar wani a hankali, bambancin kawai ko an duba ta. A Garou babu ɗakin gwaji a bakin kasuwa. Abin dubawar da ke akwai shi ne idon mai girki.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya: wadda aka tsince, ina za a kai ta? Idan aka ba almajiri ko maƙwabciya mai ƙaramin ƙarfi, an tattara gubar buhu guda an ɗura wa wanda ya fi kowa rauni. Idan aka sayar wa mai niƙa, ta dawo ta ƙofar baya. Idan aka zuba wa akuya ko saniya mai tatsa, wani kaso na gubar na fita a nono, wanda shi ma yara ke sha, agwagi da talotalo kuma suna cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Abin da ya dace shi ne a ƙone ko a binne. Na san faɗin haka ga mutumin da ke auna abinci da tiya yana da nauyi a baki, kuma zubar da abinci abu ne da tarbiyyarmu ta hana. Amma abin da aka san yana cutarwa ya fita daga sunan abinci, kuma a ma'aunin gida ɗaya abin bai wuce cikin tafin hannu ba. A ma'aunin ɗan kasuwa mai buhu ɗari ne asarar ke da girma, nan kuwa ba aikin uwargida ba ne, aikin hukuma ne.

Hukumar kuma ta san hanya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta daɗe da samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure, yana ɗauke da irin fumfunar da ba ta zuba guba don ta kori mai zubawa, kuma a gonakin Najeriya an ga yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Benin na da hukumar kula da lafiyar abinci, ABSSA, kamar yadda Najeriya ke da NAFDAC, akwai kuma 'yan kayan gwaji na tafi-da-gidanka da ke ba da amsa cikin mintoci. Kasuwar Malanville ita ce ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, abin da aka auna a nan yana ƙarewa a tukwanen ƙasashe uku. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, kaya suka riƙa yin makonni a kan manyan motoci da cikin shaguna, wasu kuma suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, buhu na shan fesin ruwa. Ga gyaɗa da masara babu abin da ya fi wannan muni. Ana ta lissafin asarar da rufe iyakar ta jawo a kuɗin kwastan da na sufuri, ba a lissafa abin da ya faru a cikin buhunan.

Don haka ina kira ga ma'aikatar magajin garin Malanville da malaman gona na kwarin Kwara, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga shinkafa da kayan lambu, da su waiwayi gyaɗa: a yi wa rumfunan masu sayar da ita dakali ko katako don buhu ya bar ƙasa, a kawo gwaji kasuwa ko da lokacin kaka ne kawai, a yi bayani a rediyo da Dendi da Hausa da Fulatanci, a kuma fara da ƙungiyoyin mata masu ƙuli, don su ne za su fi kowa cin riba idan tsabtatacciyar gyaɗa ta sami farashinta. Ungozomomi da ma'aikatan asibiti da ke koya wa iyaye mata haɗa kunun yaye su ƙara jimla ɗaya a kan abin da suke faɗa. Kai kuma maigida, da kai ke zuwa cefane, idan aka aike ka sayen gyaɗar miya ko ta kunun yaro, sayo ƙwaya, ka ƙara kuɗin niƙa a kai.